Mudun Alƙali: Rigimar Wa'adin Jira Kafin Zubar da Ciki

A jihar Kansas ta Amurka, har zuwa Oktoban 2023, matar da ta je asibiti don a zubar mata da ciki sai ta shiga da wata takarda a hannu. Doka ta fayyace komai game da takardar nan: fara ce, da baƙar tawada, rubutu samfurin Times New Roman, girman harafi lamba 12, kuma lallai ta yi aƙalla awa 24 a hannun matar kafin likita ya taɓa ta. Asibitocin da suka kai ƙara sun yi kukan cewa suna sallamar mata a bakin ƙofa saboda launin tawada. A ƙaddara mace ta taso daga Dallas ta jihar Texas, inda aka haramta aikin, ta yi tafiyar da ta kai nisan Kano zuwa Maiduguri, ta iso birnin Wichita na Kansas da safe, ma'aikaciya ta karɓi takardar ta ga injin bugawa ya fitar da wani layi da shuɗi. Sai a ba ta haƙuri, a miƙa mata sabuwa, lissafin awanni ya koma farko. Alƙali Christopher Jayaram ne ya dakatar da wannan tanadi, haɗe da wa'adin jiran kansa, kafin a gama sauraron shari'ar.

Wa'adin jira shi ne ratar da doka ke tilastawa tsakanin lokacin da aka karanta wa mace bayanan da gwamnati ta tsara, a kan girman ɗan tayi da haɗarin aikin da tallafin da za ta samu in ta haihu, da lokacin da za a yi mata aikin. Indiana ta sa awa 18, yawancin jihohi 24, Tennessee 48, Utah da Missouri da North Carolina 72. Amma ba a yawan awannin gizo ke saƙa ba. Abin dubawa shi ne ko an yarda a karanta mata bayanan ta waya ko intanet, ko kuwa sai ido na ganin ido. In ta waya ne, jiran kan narke cikin kwanakin da dama za ta yi kafin layi ya zo kanta. In sai ta bayyana da kanta ne, tafiya ta zama biyu. South Dakota ce ta kai abin maƙura. A 2011 ta kafa awa 72, a 2013 ta ce Asabar da Lahadi da ranakun hutu ba sa cikin lissafi, alhali a lokacin asibiti ɗaya tak ke wannan aiki a duk jihar, a Sioux Falls, likitocinsa ma a jirgi ake kawo su daga Minnesota. Matar da ta ga likita ranar Laraba da hantsi, kwana ukunta ba zai cika ba sai Litinin. In Litinin ta faɗo ranar hutu, sai Talata. In daga Rapid City ta fito, kilomita sama da 500 ke nan, ko ta kama ɗaki ta zauna, ko ta yi zuwa biyu komawa biyu.

A nan gida maganar ba ta ma zo nan ba. Dokar final kod ta Arewacin Najeriya ba ta halatta zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, hukuncinta na iya kaiwa ɗaurin shekara 14, ga kuma Malikiyya da akasarinmu muka tashi a ciki, wadda ta fi sauran mazhabobi ukun tsanantawa a wannan babi. Wannan rigima ce ta ƙasashen da suka riga suka buɗe ƙofa, suke gardama a kan tsawon zauren da za a ratsa kafin a kai gare ta. Ni abin da ya ja hankalina shi ne yadda doka iri ɗaya, da shaidu kusan iri ɗaya, kan faɗi a wannan kotu ta tsaya a waccan, wani lokaci ma a kotu guda, shekara huɗu tsakani.

Masu goyon bayan dokar suna da magana mai shiga kunne, wadda Bahaushe ya sani tun yana yaro: gaggawa aikin Shaiɗan. Abin da in an yi shi ba ya gyaruwa, ai ya cancanci a kwana a kansa. Sukan ce akwai jihohin da ke sa a jira kwanaki kafin a sayi bindiga ko a karɓi takardar aure, me zai sa rai ya fi waɗannan araha? Sukan kawo misalin yarinyar da saurayi ko iyaye suka taso ƙeyarta zuwa asibiti, wadda kwana ɗaya zai iya ba ta damar cewa a'a. Masu gaskiya a cikinsu ba sa ɓoye cewa babban burinsu a haifi yaron. Masu adawa kuma suka ce tun ranar da mace ta yi ɓatan wata take kwana da abin tana tashi da shi, ba a bakin ƙofar asibiti take fara tunani ba. Abin da jiran ke ƙara mata shi ne kuɗin mota, da na masauki, da ladan yini biyu da za a yanke mata a wurin aiki, da neman mai riƙe mata yara, domin fiye da rabin masu zubar da ciki a Amurka suna da 'ya'ya. Wadda ke ɓoye wa miji mai duka, ƙarya biyu za ta shirya maimakon ɗaya. Ciki kuma ba ya jiran doka, kowane mako yana ƙara tsadar aikin.

To alƙali da me zai auna? Duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ya san rabin shari'a na ƙarewa ne tun lokacin da aka tantance wane ne mai da'awa, domin shi za a ce ya kawo shaida. Kotunan Amurka mudu uku gare su a wannan fanni. Akwai mai tsanani: in an ce abu haƙƙi ne na asali, gwamnati ce za ta tabbatar tana da buƙata mai ƙarfin gaske, kuma babu wata hanya mafi sauƙi ta biyan buƙatar. Da wuya doka ta tsallake wannan. Akwai sako-sako: ya isa a ce mai hankali zai iya hango wani dalili a bayan dokar, ko da majalisa ba ta kawo shaida ko ɗaya ba. Da wuya doka ta faɗi a nan. Sai na tsakiya, wanda ke tambaya ko dokar ta ɗora wa mace nauyin da ya wuce kima, wato ko ta gindaya mata babban shinge, kuma masu ƙara ne za su nuna hakan.

A 1983, shekara goma bayan hukuncin Roe da ya mayar da zubar da ciki haƙƙi a duk Amurka, Kotun Ƙoli ta duba dokar birnin Akron na jihar Ohio mai wa'adin awa 24. Da mudu mai tsanani aka auna, alƙalai 6 cikin 9 suka soke ta. Mai Shari'a Lewis Powell ya ce birnin ya kasa nuna amfanin wa'adin da ba ya lanƙwasuwa ga kowa. A cikin ukun da suka ƙi akwai Sandra Day O'Connor, mace ta farko a kotun, wadda ba ta cika shekara biyu da hawa ba. Ita ce ta tsaya kai da fata a kan mudun tsakiya, bayan shekara tara kuwa kasuwarta ta buɗe. A shari'ar Casey ta 1992 dokar Pennsylvania ta zo da awa 24 ɗin nan dai, O'Connor da Anthony Kennedy da David Souter suka rubuta hukuncin da ya bar ginshiƙin Roe a tsaye, ya canza ma'aunin. Kotun farko ta riga ta gano cewa jiran kan zarce kwana ɗaya nesa ba kusa ba, kuma ya fi gallabar matalauta da na nesa. Alƙalan uku suka amsa cewa lallai abin damuwa ne, amma abin damuwa dabam, babban shinge dabam. Suka kuma yarda gwamnati na da ikon fifita haihuwa, har ta yi ƙoƙarin shawo kan mace, muddin ba ta tare mata hanya ba. Wa'adin ya tsaya. Tanadin da ya faɗi shi ne wanda ya ce sai matar aure ta sanar da mijinta. Wani alƙalin kotun ɗaukaka ƙara da shari'ar ta ratsa ta hannunsa ya so a bar ko wannan ɗin ma. Sunansa Samuel Alito, a riƙe sunan.

Sabon mudun ya sha suka ta gaba da ta baya. John Paul Stevens ya ce wa'adin ya ginu ne a kan tsohon zaton da ake yi wa hankalin mata. Antonin Scalia, mai son a rushe Roe gaba ɗaya, ya ce ma'auni ne marar ƙa'ida, kowane alƙali zai zuba abin da ransa ke so ya ce ya cika. A wannan gaɓa dai, ina ganin Scalia ya hango abin da ke tafe.

Casey ta bar 'yar kafa, domin ta ce a kan shaidun da ke gabanta ta yanke. Lauyoyi suka bazama neman alƙaluma. Mississippi ta fara aiki da dokar tafiya biyu a Agustan 1992, masanin tattalin arziki Ted Joyce da abokan aikinsa suka bi sawu, suka ga yawan zubar da ciki ya ragu, masu ƙetarawa wasu jihohi sun ƙaru, masu yi bayan mako 12 ma sun ƙaru. Da wannan aka tunkari dokar Indiana, alƙalin farko ya gamsu. A 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, Mai Shari'a Frank Easterbrook ya ce Mississippi ba Indiana ba ce, kuma ba a tare doka tun ba ta fara aiki ba alhali ana gardama a kan tasirinta da dalilan tasirin. Kalmar dalili ɗin nan ita ce tarkon. In adadi ya ragu, gwamnati ta ce nasiha ce ta yi aiki. In bai ragu ba, ta ce ga shi ba a tare kowa ba.

Babu inda tarkon ya fito fili kamar Tennessee. A 2000 kotun ƙolin jihar ta soke wa'adin kwana biyu, ta dogara da kundin tsarin mulkin jihar, wanda ta ce ya fi na tarayya kare sirrin mutum. Masu adawa da zubar da ciki suka ƙyale alƙalai, suka nufi kundin. Shekara 14 suna bi, har a Nuwamban 2014 masu zaɓe suka amince da gyaran da ya ce babu abin da ya kare haƙƙin zubar da ciki a kundin jihar. Shekara na zagayowa majalisa ta kafa awa 48, tafiya biyu. Asibitoci suka tafi kotun tarayya, a Oktoban 2020 Mai Shari'a Bernard Friedman ya soke dokar. Ya ce gwamnati ba ta nuna amfanin da jiran ya yi wa mata ba, kuma a aikace yakan zarce awa 48 da kwanaki masu yawa. A gefe guda binciken Jason Lindo da Mayra Pineda-Torres ya nuna kason da ake yi bayan wata ukun farko ya ƙaru da fiye da rabi. Amma a Agustan 2021 dukan alƙalan kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta shida suka zauna, suka maido da dokar da ƙuri'a 9 da 7. Amul Thapar, wanda ya rubuta na masu rinjaye, ya ce shekaru ana aiki da dokar mata na ci gaba da samun abin da suka je nema, kuma shaidun masu ƙara sun kasa nuna takamaiman matan da jiran ya hana. Gardamar ta koma ta lissafi: a cikin su wa za a ƙirga? A Casey, da Pennsylvania ta ce sanar da miji bai shafi fiye da mace 1 cikin 100 ba, kotu ta ce ai a kan wannan ɗayar ake auna doka. To amma ina za a samo ta? Matar da ta zo zaman farko ba ta dawo ba, ba ta bar wa kowa saƙon dalili ba, kuma ba irin wadda ke tsayawa gaban alƙali ta faɗi sunanta ba ce.

Binciken da kowa ke ja ta gefensa shi ne na Utah. Sarah Roberts da abokan aikinta na Jami'ar California da ke San Francisco sun ɗauki mata 500 da suka je zaman farko a 2013 da 2014, suka sake samun 309 bayan mako uku. Kashi 86 cikin 100 an riga an yi musu aikin. Kashi 8 sun fasa, akasarinsu dama da kokwanto suka zo. Awa 72 ɗin da doka ta rubuta kuwa ta zama kwana takwas a matsakaici. Masu ƙara suka ce kun gani, an wahalar da kusan mutum tara don a taɓa zuciyar ɗaya, wadda wataƙila ko ba doka za ta fasa. Masu kare dokar suka ce kun gani, takwas cikin ɗari ba wasa ba ne, yara ne da ke tafiya da ƙafarsu yau. Iya fahimtata, alƙaluman sun fi goyon bayan masu cewa jiran ya fi jinkirtawa a kan canza zuciya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2022 a daina tilasta shi. Sai dai alƙaluma ba sa faɗin nauyin ɗan tayi a sikeli, kuma wanda ya ɗauke shi cikakken rai ba zai ga kuɗin mota da kwanan masauki sun isa a ɗora su a ɗaya gefen ba. Inda nake ganin masu dokar sun kwafsa shi ne irin su launin tawada da cire ƙarshen mako. Mace ba ta daina tunani ranar Asabar.

Iowa kuma ta nuna mudu na canzawa ko ba a taɓa harafi ɗaya a kundi ba. A 2017 majalisa ta kafa awa 72. A Yunin 2018 kotun ƙolin jihar ta soke shi da ƙuri'a 5 da 2, Alƙalin Alƙalai Mark Cady ya ce zubar da ciki haƙƙi ne na asali a kundin Iowa, don haka da mudu mai tsanani za a auna. Edward Mansfield na cikin biyun da suka ƙi. Daga nan kujeru suka fara sauya masu zama. Cady ya rasu a 2019, wasu uku daga cikin biyar ɗin suka bar kotun, Gwamna Kim Reynolds ta naɗa huɗu. A Yunin 2020, a daren ƙarshe na zaman majalisa, aka liƙa wa'adin awa 24 a jikin wani ƙudiri da ke magana a kan cire wa yara marasa lafiya na'urorin riƙe rai. Ƙwanƙwasa ƙofa ne, a ga ko sababbin alƙalai za su buɗe, wasu 'yan majalisar ba su ma ɓoye hakan ba. Suka kuwa buɗe. Ranar 17 ga Yunin 2022 Mansfield, wanda jiya yake cikin 'yan tsiraru, ya rubuta hukuncin da ya shafe na 2018. Bayan shekara biyu kotun ta ƙyale dokar da ta hana zubar da ciki daga kusan mako shida.

Mako ɗaya bayan hukuncin Mansfield, ranar 24 ga Yunin 2022, Samuel Alito ɗin nan, yanzu a Kotun Ƙoli, ya rubuta hukuncin Dobbs da ya binne Roe da Casey tare. Mudun tsakiya ya tafi, aka koma sako-sako, ƙofar kotun tarayya ta rufe ga irin waɗannan ƙararraki. An zaci wa'adin jira ya samu gindin zama, sai reshe ya juye da mujiya a wasu jihohin. Kafin wata ya cika, alƙali Thomas Gilligan ya soke na Minnesota da kundin jiha. A Agustan 2022 masu zaɓen Kansas suka ƙi irin gyaran Tennessee da kusan kashi 59, abin da ya share wa Jayaram hanya. Michigan a 2022 da Ohio a 2023 suka rubuta haƙƙin a kundinsu, kowacce da kusan kashi 57.

Waɗanda suka tsara kalmomin gyaran nan sun koyi darasin shekara talatin. Mudun kansa suka rubuta a cikin kundi, suka kuma ƙayyade abin da gwamnati za ta iya zubawa a ciki. Na Michigan ya ce buƙatar gwamnati ba ta karɓuwa sai in don kare lafiyar mai neman aikin ne, bisa ƙa'idar likitanci, ba tare da tauye mata zaɓi ba. Na Ohio ma kusan haka. Ma'ana, hujjar da Casey ta halatta, ta shawo kan mace saboda ɗan tayi, ba ta da wurin zama kafin cikin ya kai matakin da jariri zai iya rayuwa a waje. Abin da ya rage wa lauyan gwamnati shi ne ya ce jiran na kare lafiyar matar, hujjarsa mafi rauni ke nan. A Agustan 2024 alƙali David Young ya dakatar da wa'adin Ohio. A Michigan, 'yan Democrat ke riƙe da majalisa a 2023 amma suka kasa soke shi, saboda 'yar jam'iyyarsu Karen Whitsett ta ce ba ta ga kwana ɗaya ya yi yawa a kan irin wannan shawara ba. Abin da majalisa ta kasa, Mai Shari'a Sima Patel ta yi: ta dakatar a Yunin 2024, ta soke a Mayun 2025.

Inda ba a taɓa kundi ba kuwa, jiran ya ƙara kaifi, domin filin ya ƙuntata. Florida ta yi shekara bakwai tana shari'a a kan awa 24 ɗinta kafin ya fara aiki a Afrilun 2022. Tun Mayun 2024 iyakarta mako shida ce, ana kuma ƙirgawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato kusan mako biyu bayan ɓatan wata. A wannan ɗan tsukin za a gane, a yanke shawara, a samu layi sau biyu. Kashi 57 na masu zaɓen jihar sun nemi a sauya a Nuwamban 2024, amma kundinsu 60 yake buƙata. Adadin da ya ci a Ohio da Michigan shi ya faɗi a Florida.

A Turai labarin kan zo a juye: majalisa ce ke cire wa'adin, masu adawa su garzaya kotu su ce a maido. Faransa ta cire kwana bakwai ɗin da ke cikin dokar Simone Veil ta 1975 a farkon 2016, aka kai ƙara, kotun tsarin mulki ta ce cirewar ba ta saɓa wa kundi ba. Sifaniya ta cire kwana uku a 2023, jam'iyyar Vox ta kai ƙara, aka yi watsi da ita a 2024. Holan ta ajiye kwana biyar ɗinta daga farkon 2023.

Jamus ce mai tsari na dabam. Bayan haɗewar Gabas da Yamma, masu dokoki biyu da suka yi hannun riga, kotun tsarin mulki ta Karlsruhe ta yanke a 1993 cewa kundi ya ɗora wa gwamnati kare ran ɗan tayi. Don haka zubar da ciki na nan a matsayin abin da ya saɓa doka, amma ana iya ƙin hukunta shi a mako 12 na farko in mace ta je an ba ta shawara. Dokar 1995 ta tsara hanyar: zaman shawara kyauta a cibiyar da gwamnati ta amince da ita, takardar shaida mai kwanan wata, cikakkun kwana uku, sannan likita, wanda kuma ba shi ne mai ba da shawarar ba. A nan jiran shi ne farashin da ake biya kafin hukuma ta kau da kai. Takardar nan ta taɓa raba kan 'yan Katolika. Paparoma John Paul na Biyu ya umarci cibiyoyin cocin su daina bayar da ita, tunda da ita ake zuwa wurin likita. Wasu mabiya suka kafa ƙungiyar Donum Vitae a 1999 suka ci gaba, bisa hujjar cewa in ba ka ba da takarda, matar ba za ta zo ta zauna a gabanka ba, balle ka yi mata magana.

A koma Tennessee. Dokar da aka kwashe shekara 21 ana fafutukarta, daga hukuncin 2000 zuwa nasarar Agustan 2021, shekara ɗaya ta yi tana cin moriyar nasarar. Ranar 25 ga Agustan 2022 jihar ta haramta zubar da ciki kusan gaba ɗaya, wa'adin awa 48 ya zauna a littafin doka babu mai jira. Ɗaya daga cikin asibitocin Memphis da suka kai ƙarar ya buɗe reshe a Carbondale, wani ƙaramin gari a kudancin Illinois, tafiyar awa uku da 'yan kai a mota, a kan layin jirgin ƙasan da ke tashi daga New Orleans ya ratsa Memphis zuwa Chicago. Illinois ba ta da wa'adin jira. Matar da ta bar Memphis da asuba tana iya ganin likita kafin azahar, ta dawo ta kwana a gidanta.